Giwan Ruwa da Takwaransa na Teku

  

Yau a kan kifi zan yi magana. Na san wani zai ce a ransa, mu da mu ke noman rake da tumatir da masara, ina ruwanmu da zancen masunta? To, ruwanku na nan. Kuna sayen kifi a kasuwa, kuna ba 'ya'yanku. Waɗansunku da rani sukan ɗauki koma su gangara rafi. Waɗansu kuma sun fara haƙa tafki a gefen fadama suna kiwon kifi. Duk wanda ya ke cikin waɗannan, ya kamata ya san kifin da zan faɗa, ya iya shaida shi tun yana ƙarami, ya kuma san irin ruwan da ya ke so.

Amma bari in fara da kuɗi, don na ga da an ambaci kuɗi kowa kan gyara zama. Wanda ya taɓa zuwa fatauci Maraɗi ko Damagaram ya riƙe takardar jaka biyu ta sefa, shuɗiyar nan da aka fitar a 2003. In ka juya bayanta za ka ga hoton kifi, ƙaƙƙarfa, mai ƙaton baki. Mutane da yawa suna tsammani giwan ruwa ne. Ba shi ba ne. Wannan kifin teku ne, ana kama shi a gaɓar Sanagal da Muritaniya. Mutanen Sanagal suna ce masa cof, ba su kuwa da kifin da su ke darajantawa kamarsa. Turawan Ingila suna kiran danginsa duka gurufa, Larabawa su ce hamur. Alhazan da suka zaga kasuwar kifi ta Jidda sun gan shi jere a kan tebur, wani ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi, wani ƙasa-ƙasa mai dabbare-dabbare kamar damisa.

Danginsa sun fi iri 150. Yawancinsu cikin duwatsun murjani su ke zaune. Su waɗannan duwatsu ba irin namu na Kufena ba ne. Waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu ne su ke gina su da farar ƙasa a ƙarƙashin teku, kowa ya yi ɗan ɗakinsa, in ya mutu na baya ya ɗora nasa a kai, har shekara da shekaru abin ya zama tudu mai koguna da lunguna. Murjani ba ya yi sai a ruwan gishiri mai ɗumi, garai-garai, inda hasken rana ke isa. Shi ya sa ya yi yawa a Bahar Maliya, inda babu wani babban kogi da ke zuba laka a ciki, bai kuwa samu wurin zama sosai a bakin tekunmu ba, inda Kwara ke kwararo jan ruwa.

A cikin kogunan nan hamur ya ke laɓewa. Ba ya wahalad da kansa da dogon gudu. Sai ya yi lamo, ƙaramin kifi ya zo wucewa, ya wangame baki farat ɗaya, ruwa ya zuƙo kifin ya faɗa ciki, ya haɗiye shi ɗungum. Mafi girma a danginsu yakan kai ƙafa 8 da 'yan kai, nauyinsa kilo 400. Akwai wani abin mamaki game da su: galibinsu mata a ke ƙyanƙyashe su, su yi shekaru suna zuba ƙwai, sa'an nan in sun girma ƙwarai su rikiɗe su zama maza. Saboda haka masuntan da ke tsince manya kawai, mazan garken su ke kwashewa ba su sani ba. Wani kuma, jan nan da Larabawa ke kira najil, masana sun gan shi a Bahar Maliya yana zuwa bakin ramin wani kifi mai kama da maciji, yana kaɗa masa kai, su fita farauta tare. Mai kama da macijin ya shiga lungu ya koro, shi kuma ya tare a waje. Ikon Allah ke nan.

To, mu ba mu da teku. Daga nan zuwa Ikko tafiya ce ta yini da kwana a mota. Amma muna da namu sarkin, wanda ya yi kama da hamur a ƙira da hali, ko da ya ke ba uwa ɗaya uba ɗaya su ke ba. Shi ne giwan ruwa. Mutanen Nijar masu jin Faransanci sukan ce masa kafiten. Ku lura, giwa mace ce a bakinmu, amma masunta giwan ruwa su ke cewa, su ce ya ci, ya gudu, ya tsinke mamari. Ni ma haka zan bi su.

Yaya a ke shaida shi? Babba ba shi da wuyar ganewa. Jikinsa fari ne kamar azurfa, bayansa ya ɗan yi duhu, toka-toka da shuɗi-shuɗi. Gadon bayansa ya yi tozo daga bayan kai, goshinsa kuwa ya ɗan lotsa. Bakinsa babba ne, leɓen ƙasa ya ɗara na sama tsawo. Ba shi da gashin baki ko ɗaya. Wannan kaɗai ya raba shi da tarwaɗa da ragon ruwa da kurungu, waɗanda duk su ke da gashin baki, ba su kuwa da ɓawo a jiki. Shi giwan ruwa ɓawo gare shi, in ka shafa daga wutsiya zuwa kai sai ka ji kaushi. Haƙoransa ƙanana ne ƙwarai, kamar sandafefa, ba irin na tsage ba da ke waje zaƙo-zaƙo.

Sai ido. Ƙwayar idonsa baƙa ce, da zobe rawaya kewaye da ita. In ka haska shi da tocila da dare sai ka ga idon yana ƙyalli kamar na kyanwa. Da wannan ido ya ke farauta cikin duhu, da asuba da almuru, sa'ad da sauran kifaye ba su gani sosai.

Amma alamar da na fi so ku riƙe ita ce fiffiken baya. Ku ɗaga shi ku duba. Na giwan ruwa kashi biyu ne, da gurbi mai zurfi a tsakani. Kashin gaba ƙayoyi ne masu tauri, 7 ko 8, kashin baya kuwa mai taushi ne. Na karfasa ɗaya ne tak, dogo, ya taho tun daga wuya har kusa da wutsiya ba yankewa. Na hamur ma ɗaya ne haɗe, ku duba takardar kuɗin nan ku gani. Wutsiyar giwan ruwa kuma zagayayya ce kamar mafici, ba ta rabu biyu kamar ta tsage ko ta kawara ba. A gefen kumatunsa akwai 'yan ƙayoyi jere kamar zarto, da wata babbar ƙaya guda a kan marfin kunnensa. Wanda ya taɓa cafkar sa da hannu ba hankali ya san wurin, don sai ya ga jini.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne ƙaraminsa. Ɗan giwan ruwa mai tsawon yatsa ba fari ba ne. Jikinsa dabbare-dabbare ne, ƙasa-ƙasa da fari, don ya saje da ciyawar bakin ruwa inda ya ke ɓuya. In yana cikin ƙwarya tare da 'ya'yan karfasa, mai gaggawa ba zai raba su ba. Na san wani manomi, ba zan faɗi garinsu ba don yana da 'yan'uwa a nan, ya haƙa tafki a fadamarsa, ya kashe kuɗi ba kaɗan ba. Maimakon ya sayi iri a wurin masu ƙyanƙyasa, sai ya ba yara 'yan kuɗi suka kamo masa ƙananan kifi daga kogi, ya juye duka a ciki bai tsaya dubawa ba. Kullum yana zuba dusa, kullum yana lissafin riba. Da wata ya yi nisa sai ya ga kifin da ke tasowa cin dusa suna raguwa. Ya zargi yara, ya zargi maƙwabci, har ya kwana biyu yana gadi da sanda. Ranar da aka janye ruwa sai ga giwan ruwa uku, sun yi ɓul-ɓul, da 'yan karfasa da ba su cika kwando ba. Ɓarayin suna cikin tafkin tun ran farko, shi ya zuba su da hannunsa. Da ya ɗaga fiffiken bayan kowane ɗan kifi ya duba, da bai yi wannan hasara ba. Gaskiya ne malaman kiwon kifi wani lokaci sukan sa giwan ruwa kaɗan cikin tafkin karfasa da gangan, don ya rage yawan 'ya'ya, sauran su samu girma. Amma wannan da ƙidaya a ke yi, ana kuwa sa shi ne bayan karfasan sun fi ƙarfin bakinsa.

Cinsa ke nan. Yana ƙarami yana cin ƙwarin ruwa da 'yan jatan lande. Da ya kai kamar taki ɗaya sai ya koma kan kifi, har 'yan'uwansa ba ya bari. Girmansa kuwa, shi ya fi kowane kifi na ruwan daɗi a ƙasarmu. Yakan kai ƙafa 6, an kuma samu wanda nauyinsa ya kusa kilo 200, watau buhun masara biyu. Waɗannan ƙattin kusan duk mata ne, namiji ba ya kai haka. Babbar mace guda takan zuba ƙwai miliyoyi.

Yanzu sai mazauninsa. Me ya sa ba ku samunsa a kududdufin bayan gari, inda tarwaɗa ta ke cike? Dalili shi ne numfashi. Cikin ruwa akwai iska narke, ita kifi ya ke tacewa da jan abin nan mai kama da matsefi da ke ƙarƙashin marfin kunnensa. Tarwaɗa tana da wata dabara, takan taso ta shaƙi iskar sama, shi ya sa ta ke rayuwa cikin taɓo. Gaiwa ma ta fi ta, don takan shige ƙasa ta yi rani guda a bushe. Giwan ruwa ba shi da ko ɗaya. In ruwa ya tsaya, ya yi zafi, ya ruɓe, iskar cikinsa ta ragu, shi ne farkon mutuwa. Don haka sai babban ruwa mai zurfi: Kwara, Binuwai, Kogin Kaduna, Tafkin Chadi, da manyan madatsai irin su Kainji, wadda aka gama a 1968. Manya suna zama can ƙasa, gindin duwatsu da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, suna kwanton ɓauna kamar yadda hamur ke yi a kogon murjani. Ƙanana kuwa suna bakin gaɓa cikin ciyawa.

Ƙasarmu ta nan tudu ce, kan ruwa mu ke. Rafukanmu da yawa kudu su ke yi, su faɗa Galma, Galma ta wuce ta gabashin Zariya ta faɗa Kogin Kaduna, shi kuma ya kai Kwara. Da ka ƙetare iyaka ka shiga ƙasar Kano kuwa, ruwan arewa ya ke yi, ya bi ta Kogin Kano, inda aka datse shi a Tiga a 1974, ya wuce Haɗeja, ya nufi Chadi. Rafin kan tudu da rani yakan yanke, ya bar gurabu nan da can. Saboda haka ƙaton giwan ruwa ba namu ba ne, sai dai a kawo mana shi kasuwa. Amma abin da muka zuba a rafinmu, ƙasa ya ke gangarawa ya same shi.

A nan ne maganar ta zo kanmu. Tun kakanni akwai masu daka magimfa su zuba a gurbi, kifi ya bugu ya taso. Wannan ma ɓarna ce, amma ba ta kai ta zamani ba. Yanzu maganin feshi a ke zubawa. An daɗe ana yi da gamalin, wanda ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a 2009 a daina yinsa da aiki da shi a gona, saboda ba ya narkewa, yana taruwa cikin kitsen dabba da na mutum. Waɗansu kuma ba da niyya su ke yi ba. Mutum ya gama feshin tumatir ko rake, ya gangara rafi ya wanke tankinsa, ya juye sauran a ciki, ya tafi gida hankali kwance. Maganin ba ya zaɓe. Yana kashe babba da ƙarami da ƙwai, da ƙwarin da ƙananan kifi ke ci. Wanda bai mutu ba yana ɗauke da dafin a jikinsa. Ƙaramin kifi ya ci, giwan ruwa ya ci ƙananan kifi ɗari, dafin ɗari ya taru a cikinsa, kai kuma ka saya ka kai wa mai jego. Shanun Fulani a wannan gurbi su ke sha, yaranku a nan su ke wanka. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1992, ta hana su da guba, da nakiya, da lantarki. Ni a ganina ko babu doka, mutumin da ya zuba guba a ruwan da maƙwabcinsa ke sha ba shi da abin da zai faɗa a gaban Sarkin Ruwa, balle a gaban dagaci.

Kun san Argungu. Tun 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Kabi aka yi masa su don girmamawa, a ke yin bikin nan a Matan Fada. Dubban masunta su faɗa ruwa da homa da gora, wanda ya fito da mafi girma shi ya ci, galibi kuwa giwan ruwa ne. A 2005 wanda ya ci kilo 75 ne, a 2020 kuwa kilo 78. Ku tambayi kanku, yaya a ke samun irin waɗannan a wuri guda? Saboda gurbin a tsare ya ke. Ba mai jefa koma a ciki sai ranar da aka ba da izini, kifi ya samu shekara yana hutawa. Ba wani asiri a ciki da ya wuce wannan. A 2008 an yi wani abin kunya a can: wanda aka ba kyautar farko, daga baya aka gane kifin nasa ya riga ya mutu tun kafin a shiga ruwa, daga wani wuri aka kawo shi, aka karɓe kyautar. Ku ma in za ku sayi ɗanye a kasuwa, ku ɗaga marfin kunnen. In abin ciki ja ne wur, ido garau, ka danna tsoka da yatsa ta taso, sabo ne. In ya koma toka-toka, ido ya faɗa, ku bar wa mai shi kayansa kome arahar sa.

Tafkin Chadi kuma wani darasi ne. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Fari ya zo a 1972 da 1973, ya sake dawowa a 1984, tafkin ya janye har bai kai kashi ɗaya cikin goma na da ba. Da zurfi ya tafi, giwan ruwa ya yi ƙaranci, tarwaɗa da karfasa suka gaje wurin. Ku duba bandar da a ke kawowa daga wajen Baga, ku ga wace iri ta fi yawa a kwali.

Kada kuma wani ya ji wannan ya ce, to bari mu ɗebo shi mu zuba a kowane dam namu. An yi haka a wani wuri, an ga abin da ya biyo baya. A gabashin Afirka akwai Tafkin Biktoriya, tsakanin Uganda da Kenya da Tanzaniya, ya fi kowane tafki na Afirka faɗi. Da can babu giwan ruwa a ciki. Akwai ƙananan kifaye dangin karfasa wajen iri 500, waɗanda ba a samunsu ko'ina a duniya sai nan. Zamanin mulkin Ingilishi, daga wajen 1954 zuwa 1963, aka kawo giwan ruwa aka zuba, wai don ya cinye ƙananan ya zama babban nama mai tsada. Shekara ashirin ba a ji ɗuriyarsa sosai ba. Bayan 1980 sai ya fashe, ya cika tafkin, ƙananan nan wajen iri 200 suka ɓace. An samu kuɗi, ba a musu. An kafa masana'antu a Mwanza da Kisumu da Jinja, ana yanka tsokar ana kai wa Turai a jirgin sama, jakar iskar cikinsa kuma ana busarwa a sayar wa mutanen Sin da tsada. Amma talakan bakin tafki da ya saba shanya ƙananan kifi a rana ya ci da iyalinsa, ya rasa su. Giwan ruwa mai ne da shi, ba ya shanyuwa, sai an yi banda, banda kuwa sai itace, aka bi dazuzzukan gaɓa da sara. A Kwara da Chadi ba ya yin wannan ɓarna, don tun fil azal tare su ke da sauran kifayen, kowa ya san maɓoyarsa. Saboda haka kada kowa ya ɗauki kifi daga wani ruwa ya kai wani sai ya shawarci malamin kifi na ma'aikatar gona. Akwai kuma cibiyar binciken kifi ta ƙasa a Sabuwar Busa, kusa da Kainji, wannan shi ne aikinta.

Saura magana guda, ta raga. Na ga yara da manya suna jan gidan sauro a rafi, wanda aka raba don kare mata da jarirai daga zazzaɓi. Hasara biyu ke nan: sauro ya ci iyali, raga ta kwashe 'ya'yan kifi da ko miya ba za su yi ba. Giwan ruwa ba ya fara haihuwa sai ya yi kamar shekara 3, tsawonsa ya kai kamu guda ko fiye. Wanda aka kama yana tsawon yatsa bai bar magaji ba. Dokar 1992 ta ce idon raga kada ya gaza milimita 76, watau inci 3, in an ja shi ya miƙe. Ba sai kun nemi ma'auni ba. In kun koma gida ku ɗauko komarku, ku ja ido guda ya miƙe, ku gwada shi da faɗin yatsunku huɗu a haɗe. In tsawon idon bai kai faɗin yatsun nan ba, ragar ta yi ƙanƙanta. Wanda kuma ya zo da komarsa yau, ya miƙo ta nan gaba mu auna tare.